Ƙarshen da Goggo ta karanta wa Kaka

Duk sanda na buɗe tsohon littafi, warin takardar nan sai ya mayar da ni gidanmu na Garoua, gindin dalbejiya, a tsakiyar zafin bazara da ko kwano ba ya taɓuwa.

Goggo, ƙanwar babanmu, a Yola ta yi aure, ta yi aikin unguwarzoma tare da wata Baturiya 'yar ƙasar Ailan. Da Baturiyar za ta koma gida, ta bar mata kwali guda na littattafan labari, kusan duk matan ƙasarsu ne suka rubuta. Mijin Goggo ya rasu, ta dawo mana da kwalin. Mu kuwa Faransanci muke yi a lakol, wato makarantar boko, kaf unguwar ba mai jin Ingilishi sai ita. Bayan la'asar, mata na ɓarar gyaɗa, ita tana karantawa tana juya mana da Hausa.

Wayyo, ƙasar nan ta shiga ranmu! Ruwan sama kullum, ciyawa kore shar, shanu, dankali, uwaye masu ciwo a zuci ba sa faɗa. Kaka ta ce, "Ke, waɗannan ai Fulani ne, fatar ce kawai ta yi fari."

Sai muka zo kan wani littafi, labarin uwar da ɗanta ya shiga jirgin ruwa neman aiki, ya yi shiru. Kaka ta ajiye gyaɗarta. Kowa ya san dalili: Baffa, autanta, ya tafi Gabon tun ban yi wayo ba, ko wasiƙa babu. Kullum ita ce farkon shimfiɗa tabarma. "Karanta mana, ya dawo?" Goggo ta ce, "Inna, ki yi haƙuri mana, da saura."

Ranar shafin ƙarshe, Goggo ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce yaron ya dawo, ya rame, ya yi furfura, ya tarar da uwarsa tana tatsar saniya. Kaka ta yi hamdala da ƙarfi, ta sa aka dama fura aka raba wa maƙwabta. Daga ranar ta koma cin abinci sosai. Ta ƙara shekara huɗu a duniya tana sauraron sallamar Baffa. Bai zo ba.

Sai da na girma na koyi Ingilishi na karanta littafin da kaina. Wallahi yaron bai dawo ba. Uwar ta mutu tana jira. Na yi kuka, na kuma ji haushi, na je na tsare Goggo. Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Wadda ta rubuta gaskiya ta faɗa, amma ba ita ke zaune gaban uwata ba."

Yau gidan ya zama bene, mata kowa da wayarta, ba mai jiran labari. Ina kewar taron nan ƙwarai. Idon Goggo ya tafi, ni nake zuwa ran Juma'a in karanta mata. Makon jiya muka kai ƙarshen wannan littafin, na tsaya kafin shafin ƙarshe. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Karanta yadda yake, 'yata. Baffa ni ma ƙanena ne, kuma na daɗe da sanin ba zai dawo ba."