Masu Dubiyar Gwaggona

A Nima, Zangonmu na birnin Accra, ba a ciwo a ɓoye. Ka yi tari a banɗaki, kafin ka fito an ji a Maamobi. To balle gwaggona, ƙanwar babana da ta riƙe ni tun daga yaye, wadda ta tsufa tana sayar da waakye a bakin titi, rabin unguwa da shinkafa da wakenta suka girma. Ranar da muka dawo daga babban asibiti da labarin cewa kansar nono ce, kuma har ta taɓa ƙashi, ba mu gaya wa kowa ba. Washegari da hantsi takalma sun cika ƙofar ɗakinmu, har wasu sun hau kan wasu.

Ba wanda yake kiran sunan ciwon. "Ciwon nan" ake cewa, a rage murya, sai ka ce kansar tana bayan labule tana saurare. Gwaggo kuwa gatsal take faɗa. "Kansa ce," in ji ta, "ba maita ba ce, ku daina raɗa." Sai mata su hau salati kamar ta yi ashar a masallaci.

Gidanmu na haya ne, irin mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a kewaye. Namu ɗaki ne da ɗan falo. Banɗaki yana can ƙarshen gida, na kowa da kowa, shi ya sa da ƙafar Gwaggo ta fara gaza ta sai na sayo fo na tura ƙarƙashin gado. Ni tela ce, kekena yana falo. Na zaci zan riƙa ɗinki ina jinya. Ashe falon ya zama tashar motar Circle.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, dubiya abu ne mai kyau. Malamai sun ce akwai lada mai yawa a cikinta, mutanen Zango kuma ba sa wasa da lada, musamman wanda ake samu a zaune ana shan iskar fanka. Matsalar dubiyarmu ita ce ba ta da ƙarshe. Mace za ta shigo ta ce sannu, ta zauna, ta sake cewa sannu. Gwaggo ta gyara kwanciya, sannu. Ta yi hamma, sannu. Kowace sannu kuma sai an amsa ta, don marar lafiyan da ba ya amsa gaisuwa, ko dai girman kai ne ko kuma ya kusa. In an gama sannu sai a shiga tarihi. Kowa yana da ƙanwar miji da ta yi irin ciwon nan. Ba a taɓa kawo mana labarin wadda ta warke ba.

Magani kuwa, da yawansa ke warkarwa da Gwaggo ta tashi ta yi tsere. Ganyen aluguntugui ya zo a leda, ya zo a buhu, ya zo a dafe cikin gora. Rubutu har ya fi ruwan shanmu yawa. Wani dattijo mai sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie ya kawo wani baƙin gari, ya ce a kwaɓa da man kaɗanya a shafa a ƙirji, inda likitoci suka riga suka cire mata nono ɗaya, ya kuma tsaya wai yana so ya ga an shafa. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Alhaji, shekara nawa kana neman hanya, sai yanzu da saura ɗaya?" Bai ƙara zuwa ba.

Muna dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Ruwan kimo, maganin kansar da ake ƙara mata a asibiti, ya kwashe mata gashi, ya hana ta cin abinci, ya dagula mata ciki. Duk zafin Accra sai ta ɗaura kallabi ta yafa mayafi ta jingina da filo, don akwai baƙi. Sau da yawa ina ganin gumi yana keto mata, na san fo take so, amma ɗaki cike da mata, har da maza a bakin ƙofa suna addu'a mai tsawo. Sai ta cije leɓe ta riƙe. Wata rana ba ta iya riƙewa ba. Bayan an watse ina canza zanin gado, ta juya fuska bango ta ƙi kallona. Matar da ta yi mini tsarki ina yarinya, ita ce ke jin kunyata. Ranar na tsani kowa a unguwar nan.

Korar mai dubiya kuwa ba a yi. Zumunci a ƙafa yake, wanda ya tako ƙafarsa ka kore shi, ka yanke zumunci da hannunka. Kuma kowa ya san lissafin: wanda ka hana shi dubiyarka, kada ka sa ran ganinsa a jana'izarka.

Da likitoci suka ce kimo ya yi iya yinsa, sai suka haɗa mu da wani sashe na asibitin da ke bin irin su Gwaggo har gida, aikinsu rage zafi da sauƙaƙa wa mutum sauran kwanakinsa. Nas ɗin da aka ba mu 'yar ƙabilar Ga ce, gajera, mai jaka kamar ta 'yan kasuwar Makola. A gefen Nima ta tashi, tana jin Hausar titi, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ta iso ta tarar ba wurin sa ƙafa. Ta tsaya tana kallo, sannan ta tafa hannu.

"Agoo! Ku ba ni fili small, zan duba jikinsa."

Farin kaya yana da kwarjini. Ɗaki ya zama wayam. Ta duba ciwon, ta wanke, ta nuna mini yadda ake auna maganin zafi na ruwa da yadda zan riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Sai ta ja kujera ta zauna daf da gado.

"Mma, magani na gama. Yanzu kai, me kana so?"

Tunda ciwon ya fara ba wanda ya yi mata wannan tambaya, har ni. Kowa ya san abin da ya kamace ta, ba wanda ya tambayi mai ɗaki inda yake mata yoyo. Gwaggo ta gyara kwanciya ta dubi nas. Can ta ce:

"So nake in yi tusa a ɗakina ba wanda ya ce mini sannu."

Nas ta yi dariya har da hawaye, ta share, sannan ta ce wannan ma magani ne, kuma za a ba ta. Ta ce a sa benci a waje, in zauna in karɓi dubiya a madadin Gwaggo, wanda Gwaggo ta kira da bakinta kaɗai zai shiga. Na ce za a zage mu. Ta ce, "Ka ce nas ya hana. Ku ɗora a kaina kraa."

Ita da sauƙi. Tana gamawa za ta hau motar trotro ta koma gidanta. Zango ba ya ɓata zaginsa a kan wanda ba zai ji ba.

Haka na zama mai gadi. Na fito da kekena bakin ƙofa, na sa benci, duk wanda ya zo in ce tana barci. In karɓi lemo, in karɓi ganye, in amsa sannu har muƙamuƙina ya gaji. A ciki kuwa Gwaggo ta samu duniya sabuwa. Ta yar da kallabi, ta kwanta da ɗaurin ƙirji, kanta tal yana shan fanka. Tana kallon wasan Indiya da aka juya da yaren Twi tana zagin jarumar don ta cika kuka. Ci ya ɗan dawo. Rannan ta ce komi, wato dokunun masara, take so da soyayyen kifi da yajin shito mai zafi. Na tambayi nas a waya, ta ce, "Ba shi. Abin da ransa ya so, ba shi." Loma kaɗan ta ci, amma ta lashe yatsa.

Cikin waɗanda ta yarda su shiga, abin mamaki, har da matar da ke sayar da waakye a tsallaken titi, abokiyar faɗanta tun ina goye. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mata sannu ba. Tana ɗaga labule za ta ce, "Ei, har yanzu kana nan? Mutanenka duk sun dawo wurina, sun ce sai yanzu suka san waakye." Gwaggo ta ce, "Yunwa ce, ko tsakuwa kika dafa za su ci." Su yi ta yi har Gwaggo ta riƙe haƙarƙari don dariya. Waɗannan makonni su ne mafi daɗin da muka yi tunda ciwon ya zo, kuma na gode wa Allah da na gan su.

A waje kuwa tukunya tana tafasa. Da farko an ce na cika iyayi. Daga nan aka ce na kulle tsohuwa don in gaje ɗaki da wurin sana'arta. Wasu suka ce jikin ne ya lalace nake ɓoyewa. Wata ta rantse Gwaggo ta daina magana tuni, ni nake ƙirƙiro saƙonninta. Masu kawo ɗinki suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Na gaishe da mata a famfo, suka amsa da hanci. Sai aka tashi bikin 'yar magajiyar unguwa, shugabar matan layinmu, aka raba yayi, wato ankon biki, gida gida, aka tsallake ni. Wanda bai zauna a Zango ba zai ce zane ne kawai. A wurinmu sanarwa ce cewa an cire ka daga cikin mutane.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Abokiyar faɗanta ce ta kai mata, don bakinta ba ya riƙe ruwa. Ina shiga na tarar Gwaggo ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Ran Juma'a bayan an sauko, ki jera kujeru a tsakar gida. A gaya wa kowa ina karɓar dubiya."

Na ce ba za a yi ba. Na ce su mutu da yayinsu. Na ce da ƙyar muka samo mata wannan hutun, ba zan mayar da ita bakin kura ba.

"Ke, rufe mini baki," in ji ta. "Ni tafiya zan yi. Ke za ki zauna da su. In kin kwanta, wa zai ɗaga ki? In naki ya zo, wa zai wanke ki, kekenki?"

Na kira nas don ta hana. Na tabbata za ta goyi bayana, ai ita ta kawo dokar. Ta zo, ta saurari Gwaggo, ta gaya mata gaskiya ba kwana-kwana: zaman zai ci ƙarfin da ya rage mata, wataƙila ba zai dawo ba. Gwaggo ta ce ta sani. Nas ta juyo gare ni ta ce, "Sister, ranar da ya ce a rufe, mun rufe. Yau ya ce a buɗe." Na ji kamar in shaƙe ta. Maimakon ta hana, sai ta zauna tana tsara lokacin da za a ba da magani don ƙarfinsa ya kai Gwaggo har magariba, ta kuma ce za ta zo ranar ko da ba ranar aikinta ba ce.

Ran Juma'a na yi mata wanka, na sa mata leshinta na zuwa suna, na cusa tsumma a gefen da babu, na ɗaura mata gwaggwaro a kan da ba gashi. Ta sa kwalli da kanta. Muka ɗauko ta a kujera ni da nas da abokiyar faɗanta, wadda ke ta mitar wai ƙashi ma nauyi gare shi. Tsakar gida ta cika har waje, yara a kan katanga. Aka fara sannu daga kowane gefe. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Kun ce an kulle ni. Ni na kulle kaina. Wannan," ta nuna ni da haɓa, "kare ne kawai na ɗaure a bakin ƙofa, abin da na ce shi take yi. Kashina take kwashewa kuna gida kuna barci. Lada kuke nema, ga ni, yau kowa ya ɗiba ya ƙoshi. Wadda ke da magana ta faɗa mini yanzu ina da kunne. In na tafi, wadda ta taɓa yarinyar nan, ni da ita a can."

Sai abokiyar faɗanta ta ce, "To ko a can ɗin ma faɗa za ka je yi?" Dariya ta ɓarke, wasu suna yi suna share ido. Magajiya ta taso ta durƙusa a gabanta. Daga nan aka shiga layi. Gwaggo ta kama hannun kowa, ta kira shi da sunansa, ta tambayi 'ya'yansa, ta tuna wa wasu abin kunyar da suka yi suna yara. Duk wanda ta sallama sai ta ce, "Ga 'yarku nan," ta tura shi wurina. Ina tsaye a bayanta ina ganin gumi yana jiƙa wuyan leshin, ina ganin yatsunta suna ƙanƙame hannun kujera. Na sunkuya na ce ya isa. Ta ce saura na bakin ƙofa.

Ana kiran magariba muka mayar da ita gado. Fuskarta ta yi fari fat. Ina kwance mata gwaggwaro ina kuka, kukan haushi. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Kada ki ɓata mini leshi da majina."

Ba ta sake tashi zaune ba. Ba ta sake neman wasan Indiya ko kifi ba. Kafin wata ya ƙare ta rasu, da rana tsaka, hannunta a nawa.

Mata suka cika gidan. Su suka yi wanka, su suka dafa, su suka kwana da ni har aka yi addu'ar bakwai, ba su bar ni na ɗaga ko cokali ba. Har yau in na yi zazzaɓi, kafin in nema an kawo koko. Suna ƙaunata da gaske, ni ma ina ƙaunarsu, ina zuwa sunansu da bikinsu. Amma duk sanda wata ta rungume ni, ina tuna cewa Gwaggo tana da sauran kwanaki masu daɗi, kaɗan ne, nata ne, ta kwashe su duka a yammaci ɗaya ta ba su don su riƙe ni.