Yadda Na Karkatar da Saƙon Baba Habu

Abin da na fara gani ranar da na shiga ɗakin Baba Habu shi ne wata 'yar takarda da aka manna da salatif a gefen wata kwamfuta. A sama an rubuta adireshin imel, a ƙasa kalmar sirri, da jan biro da manyan baƙaƙe. Gefen takardar ya fara naɗewa, akwai tabon shayi a kanta. Kallo ɗaya na yi mata na haddace. Ban yi niyya ba, haka idona yake.

Ba zan faɗi sunana ba. Ina rubuta wannan ne dominku, 'yan makaranta irina, waɗanda manya suke kira su ce, "Zo ki duba mini abin nan," saboda ku ne kuka iya taɓa waya da kwamfuta.

Lokacin shekarata goma sha shida, ina aji biyar na sakandare, a wani gari tsakanin Kura da Bunkure. Ni ce mai zama a jikin bango. Idan malami ya tambaye ni, sunkuyar da kai nake yi ko da na san amsa. Amma ina lura da komai. Na san wadda ta sauya igiyar takalminta, na san malamin da yake ɗaura agogon da ya tsaya. A ajin kwamfuta, inda mu biyar muke kan na'ura ɗaya, ni ce mai tuna inda malam ya danna.

Baba Habu maƙwabcinmu ne, abokin marigayi mahaifina. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman da gonakinsu suke can ƙarshen kanal, magudanar ruwan noman rani, inda ruwa yake isowa a gajiye, wani lokaci ma ba ya isowa. Ɗansa, Yaya Nura, shi yake kula da imel ɗin ƙungiyar a wata tsohuwar laftof. Da zai tafi bautar ƙasa sai ya bar ta a gida, ya manna takardar nan. Baba Habu ya roƙi Umma ta ba shi arona, ni 'yar boko, duk Talata da Asabar bayan la'asar.

Ranar farko ya zauna nesa da teburin, ya ce, "'Yar Malam, ni akwatin nan tsoronsa nake ji. Ke ce idona a cikinsa. Abin da kika ce an rubuto, shi aka rubuto."

Da ɗan ƙaramin abu na fara. Idan na gama karanta masa saƙonni ya fita, sai in tsaya in kalli bidiyon zanen lalle da datarsa. Kullum wani rubutu yana fitowa a kusurwar allon, yana cewa a sabunta na'urar don tsaro. Wata rana ya nuna shi da yatsa.

"Wannan me yake so ne, kullum sai ya leƙo?"

"Ba komai, Baba. Data kawai yake ci."

"To kore shi."

Na kore shi, don datar ta rage mini. Ƙaryata ta farko ke nan, kuma na ga ba ta yi wuya ba.

Anti Zulai tana kawo wa Umma ɗinki. Tana da shagon taki da maganin feshi a Kura, tana kuma dillancin tumatir. Mace ce mai dariya da ƙarfi, awarwaronta yana ƙara idan tana magana. Wata rana ta dube ni ta ce, "Ashe ke ce sakatariyar Habu? Shiru-shiru, ashe da manyan mutane ake harka!" Zuwanta na gaba ta miƙo mini waya mai tsage a kusurwa, da layi a ciki. Ta ce in riƙa karatu da ita, kada in dami Umma da zancen.

Ba a yi mako ba ta fara tambaya. Su wa suke rubuto wa Habu? Nawa masu saye suka taya kwando? Ina faɗa mata, ina ce wa kaina labari ne kawai. Sannan ta ce, "Ni jiran Talata da Asabar ɗin nan ya ishe ni. Babu yadda za a yi saƙon ya riƙa zuwa mini kai tsaye?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma ba a taɓa yi mini tambaya a tsaya ana jiran amsata haka ba. Na ce, "Akwai."

A cikin saitin imel akwai wurin da ake sa wani adireshi, duk saƙon da ya shigo a tura masa kwafi. Na sa na Anti Zulai. Akwai kuma wurin sa lambar wayar da za a riƙa tura wa lambar tabbatarwa. Yaya Nura bai cike shi ba, sai na sa tawa. Kafin Inna Lami, matar Baba Habu, ta kawo mini ruwa daga randa na gama. Kalmar sirrin ma na ba Anti. Da ta shiga daga shagonta, gargaɗi ya zo cewa an buɗe imel ɗin a wata sabuwar na'ura. Baba Habu ya hango shi.

"Wannan mai jan rubutun fa?"

"Talla ce, Baba."

Na goge.

Tun damina ƙungiyar ta nemi tallafin injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, wato sola, daga wata hukuma mai taimaka wa manoma. Saboda sa ran injinan, mutanen suka haƙa 'yan rijiyoyi a gonakinsu, suka dasa tumatir fiye da yadda suka saba. Duk ranar da na je, kafin in zauna Baba Habu zai ce, "Masu injin nan sun yi magana?"

Ranar wata Asabar suka yi magana. Baba Habu yana tsakar gida yana wanke laka daga ƙafarsa. Saƙon ya ce an ba su inji huɗu, shugaba ko wakilinsa ya buga saƙon a takarda ya kai rumbunsu a Kano cikin mako guda. Ina cikin karantawa wayar ta motsa a cikin hijabina. Anti ce: "Goge shi. Kar ki karanta masa."

Na dubi ƙofa. Ina jin ƙarar butarsa. Na goge saƙon, na bi shi kwandon shara na sake gogewa.

Ya shigo yana yarfe hannu. "Sun yi magana?"

"Shiru, Baba."

"To, Allah ya sa mu ji alheri." Ya ba ni tumatir a leda, na farkon nuna, ya ce in kai wa Umma.

Anti Zulai ta rubuta amsa daga cikin imel ɗinsa, da sunansa, cewa ya wakilta wani. Ƙaninta ya je ya kwaso injinan.

Daga ranar ban sake samun wurin zama ba. Idan na zauna a ɗaki sai in fito, idan na fito sai in koma. Babur ya tsaya a ƙofar gida, gabana ya faɗi. A aji ina kallon allo, ban san me aka rubuta ba. Wayar da nake ɗoki na tura ta ƙarƙashin katifa, amma ba na iya nisa da ita, sai in ɗauko in duba in mayar. Zafi ya shigo, ruwan kanal ya ja baya. Hanyar makarantarmu ta gefen gonakin take bi, kuma ni ba na iya hana idona gani. Na ga ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da yamma. Sannan ya daina buɗewa. Na ga furen yana zuba a kan kunya. Na ga Malam Iro, mai gonar ƙarshe, yana jido ruwa da jarka shi da matarsa, suna zuba wa gindi ɗaya-ɗaya. Na sauya hanya, na riƙa zagayawa ta bayan injin casar shinkafa.

Da shirun ya yi yawa, mutum uku daga ƙungiyar suka tafi Kano da kansu. Aka nuna musu saƙon da ya fito daga imel ɗin Baba Habu. Suka dawo kai tsaye ƙofar gidansa, mutane suka taru. Ranar Talata ce, ina ciki.

Malam Iro ya ce, "Habu, da furfurarka? Mu muna jido da jarka, kai ka sayar da injinmu?"

Baba Habu ya ce, "Wallahi ban ga saƙon nan ba. Ga yarinyar da take karanta mini, ku tambaye ta."

Aka kira ni zaure. Ido ya yi mini yawa. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ban ga komai ba." Suka yarda, don wa zai zargi yarinyar da ko wajen gaisuwa ba ta iya ɗaga kai? Suka sauke shi daga shugabanci a wurin. Kafin mako ya zagayo yara sun fara kiransa Habu Sola.

Yaya Nura ya nemi izini ya dawo. Washegarin zuwansa ya aiko a kira ni. Na same shi gaban laftof, Baba Habu yana kan tabarma. Ya buɗe saiti yana bi a hankali. Ya tsaya a kan adireshin da ake tura wa kwafi, ya rubuta shi. Ya gangara wurin lambar waya, ya kwafe ta a wayarsa, ya kira. Wayar ta fara kuka a cikin hijabina.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗauka mana. Ana kiranki."

Ban dubi Baba Habu ba, amma na ji ya ce, "'Yar Malam?" Sau ɗaya ya faɗa.

Aka kai ni ofishin 'yan sanda, daga nan kotun yara. Anti Zulai ta rantse ita ko kunna kwamfuta ba ta iya ba, amma saƙonninta suna cikin wayar. Aka samo inji biyu, biyu sun riga sun tafi, tumatir kuwa ya riga ya ƙone. Ita aka kai ta gidan yari, ni aka tura ni gidan gyaran hali na yara a Kano, wata bakwai.

A can ana ƙirga mu safe da yamma kamar awaki. Taga ɗaya ce a ɗakinmu, sama da kaina, ba a ganin komai sai reshen darbejiya. 'Yan ajinmu suka shiga aji shida ba ni. Umma tana zuwa idan ta samu kuɗin mota. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na tambaye ta Baba Habu, ta ce ya daina zama a majalisa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ya fita kafin a shafa addu'a. Na yi kuka, na roƙi Allah gafara, na yi alkawari tsakanina da Shi. Na ɗauka tunda kotu ta yanke hukunci an wanke shi.

Da aka sake ni na dawo, sai na tarar ba haka ba ne. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna a bakin famfo ta ce, "Sannu 'yar nan. Allah ya saka miki. Mun san Habu ne da ɗansa suka ɗora wa marainiya." Rabin garin haka suka ɗauka. Sun ce yarinya kamata ba za ta iya wannan ba.

To ku ji ni, ku da ake ba amanar waya da kwamfuta a gida. Ana iyawa, kuma ba ya ɗaukar minti biyar. Idan babba ya ce ku ne idonsa, ku karanta masa abin da ke rubuce, har wanda ba ku gane ba. Kada ku karɓi kyautar da aka ce ku ɓoye wa mahaifiyarku. Ku kuma iyaye, ku cire takardar kalmar sirri daga jikin na'ura. Lambar wayar da ke cikin saitin imel ta zama taku, ko da wayar tana yini a gona, kuma lambar tabbatarwa da aka turo muku kada ku karanta wa kowa. Lokaci-lokaci ku sa mutum na biyu ya buɗe saiti ya duba ko ana tura kwafin saƙonninku wani wuri. Gargaɗin da ya ce an shiga daga sabuwar na'ura ba talla ba ne, ku sauya kalmar sirri a ranar. Idan na'ura ta nemi a sabunta ta, ku bar ta ta yi, datar ba asara ba ce. Wanda ya ce muku ku kore ta, ku tambaye shi dalili.

Kwana tara ina zuwa ƙofar gidan Baba Habu ina juyawa. A na goma Inna Lami ta gan ni, ta ce, "In za ki shigo ki shigo, kin ishe mu da sintiri." Na same shi a zaure yana gyaran fartanya. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun kina can," ya ce, bai bar aikinsa ba. "Tashi ki tafi gida."

Ban tashi ba. Na ce, "Baba, mutane suna cewa kai ne."

"Na sani."

"Ranar Juma'a bayan an sauko, 'yan ƙungiya suna taruwa a gindin mangwaro. Ina roƙonka ka sa Yaya Nura ya kawo laftof ɗin wurin, kai ma ka zo ka zauna a gaba. Ka ce da Malam Iro ya tsaya a bayana yana kallon hannuna. Ka bar ni in nuna musu duk inda na danna."