Ranar da Dada ta juya wa bango fuska

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata da damina, a tsakiyar shekarun casa'in. Lokacin ina ƙaramar nas a ɗakin jarirai na wani asibiti a nan Potiskum, ban daɗe da fitowa daga makaranta ba, kaina cike da littafi, bakina kuma ba linzami. Ku ƙananan nas-nas da kuke ganin ina da faɗa yanzu, ai da kun gan ni a lokacin da kun gode wa Allah.

Kada ku ɗauka ɗakin irin naku ne na yau. Kwalba ɗaya muke da ita, wato akwatin gilashin da ake sa bakwaini ya sami ɗumi, sai silindar oksijin guda. Babu na'urar da ke ƙara idan yaro ya daina numfashi. Idon mutum ne na'urar. Shi kuwa bakwaini yakan manta da numfashi, yana kwance lafiya sai ƙirji ya tsaya, leɓe ya fara baƙi. Idan aka gani da wuri aka murza masa tafin ƙafa ko aka shafa baya, sai ya dawo. Idan ba a gani ba, shi ke nan. Mu biyu ne a kan aiki, saboda haka dole mu koya wa uwa ta zama idonmu.

Aka kawo mana wani jariri daga unguwar Dogo Nini, haihuwar wata bakwai, ɗan mitsitsi, ƙirjinsa na lotsawa duk numfashi. Ubansa mai sayar da shanu ne, Bafulatani, ba su daɗe da zama gari ba. Kakarsa ta wajen uba ce ta rungumo shi, kowa na ce mata Dada. Uwar, Adama, tana biye a baya, kai a sunkuye. Muka sa shi a kwalba, muka sa masa robar iska a hanci.

Na kira Adama na ce ta matso in nuna mata. Ba ta matso ba. Na yi bayani tana kallon ƙasa. Kwana biyu haka, ta zauna a kan tabarma ta ba kwalba baya, Dada ce ke leƙawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata, "Ke wace irin uwa ce? Ɗanki na tsakanin rai da mutuwa, ko kallo bai ishe ki ba?" Da zan miƙa aiki na rubuta a littafin rahoto cewa uwa ba ta nuna kulawa.

Washegari Matiron, shugabar nas-nas ɗinmu, ta aiko kirana. Mama Talatu muke ce mata, dattijuwa ce mai sanyin magana. Littafin na buɗe a gabanta.

"Hauwa, ɗanta na nawa ne?"

Na ce na fari.

"Wa ke zaune kusa da ita?"

Na ce uwar mijinta.

"To, a gaban surukarta kike so ta tsaya tana kallon ɗan fari?"

Na san kunyar ɗan fari mana, mu ma muna da ita. Amma tamu ta gari ba ta kai tasu ba, kuma na ɗauka ciwo na kawar da ita. Mama Talatu ta ce in koma in sake bayanin daga farko, amma Dada zan fuskanta, in ɗaga murya, kada in kalli Adama ko sau ɗaya. Sannan safe da yamma in tura Dada ta je ta dafa ruwan wankan jego.

Haka na yi. Ina yi wa Dada bayani, ta gefen ido ina ganin Adama tana murza tafin hannunta da babban yatsa, tana gwadawa. Dada na fita ɗora ruwa kuwa sai Adama ta tashi ta manne da gilashin, ta tatsi nono muka ba shi ta roba. Dafa ruwan nan har awa biyu yake ɗaukar Dada, sai daga baya na gane ba itace ne ya yi mata gardama ba.

Ranar Talatar, wajen azahar, hadari ya haɗo, aka kece da ruwa da iska, aka ɗauke wuta. Janareto ya ƙi tashi. Kwalba ta fara hucewa, sanyi kuma shi ne babban abokin gaban bakwaini. Mama Talatu ta shigo a jiƙe ta taɓa ƙafar jaririn, ta ce a ciro shi a ɗora a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su da zane.

Na miƙa wa Adama shi. Hannunta ya ɗago ya tsaya. Dada na zaune a gabanta, ruwa ya hana ta fita.

Tsohuwar nan ta dube mu. Sai ta ja mayafinta ta rufe kai, ta kwanta, ta juya wa bango fuska. Cikin Hausarta ta Fulani ta ce, "Ni barci nake ji. Kowa ya tashe ni ban yafe ba." Da rana tsaka, ana tsawa.

Adama ta karɓe shi ta sa a cikin riga.

Bayan kamar rabin awa ina can ƙarshen ɗaki wajen wata jaririya, na ji an ce, "Sista." Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Na zo na tarar ta riga ta buɗe zanen tana murza masa ƙafa daidai yadda na nuna wa Dada, leɓensa ya yi baƙi. A jikinta ta ji ya tsaya, kafin ido ya gani. Na ɗauko robar hura iska na ɗora masa, ina matsawa, ita ba ta saki ƙafar ba. Can ya ja numfashi, ya sake ja, ya yi ɗan kukansa na mage. Na waiga, Dada na nan fuskarta a bango, kafaɗunta na girgiza, carbi na tafiya a ƙarƙashin mayafi. Ba ta juyo ba.

Na so in yage shafin da na yi rubutun nan. Mama Talatu ta hana, ta ce ba a yage rahoto. A ƙarƙashinsa na rubuta abin da ya faru, na sa hannu.

Da jaririn ya yi ƙwari aka sallame su, Dada ce ta goya shi, Adama na baya kamar ’yar rakiya. A bakin ƙofa ta ja da baya, ta kama gefen rigata, ta ce a hankali, "Sista, ɗan mutanen nan, in ya sake tsayawa a gida, ƙafa zan fara ko baya?"

Na ce ƙafa. Na kuma ce ta yafe mini maganar da na faɗa mata. Ta yi murmushi ta bi bayan surukarta.

Har gobe ina yi wa Mama Talatu addu'a, ina kuma gode wa matan nan biyu. Yaron ya rayu, na gan shi yana gudu da ƙafarsa ranar da aka kawo ƙanwarsa rigakafi. Don haka ku yara, kafin ku rubuta cewa uwa ba ta damu ba, ku fara duba wa ke zaune kusa da ita.