Sandan Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Kat-kat

Shekarar da tokar dutsen wuta ta rufe sararin Turai har jirage suka kasa tashi, a ita na so zuwa ganin mahaifiyata. Na yi kwanaki a ɗakina na Montreuil da jaka a ɗaure, hutun aiki yana ta zagwanyewa. Allah bai nufa ba.

Ƙauyenmu yana bayan wani kori, busasshen rafi mai duwatsu, a ƙasar Tahoua. Salula ba ta kamawa can, tsohuwa kuma ƙugunta ya daina jure amalanke. Na daɗe ban ji muryarta ba, sai saƙon baki.

Da sauran hutun na sauka Lyon wurin wani ƙanena na zumunci, injiniya, wanda ya kwana a ɗakina wata da watanni lokacin da ya zo karatu. Kullum yakan ce akwai bashin kwana a wuyansa, ni kuwa in ce tabarma ba ta bin bashi.

Na tarar da shi a filin ajiye motoci na Rillieux, kwance ƙarƙashin wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan ta shiga daji, da zai aika gida ta jirgin ruwa.

"Malam, miƙo mini kilen kwance noti. A'a, babban. Kai dai alƙalami kaɗai ka iya riƙewa!"

Ya jawo wani sandan ƙarfe mai lanƙwasa a baki biyu, kamar harafin ba na ajami da aka manta ɗigonsa. Ya ce shi ke ɗaure ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta karkata a kwana. A kan kwalta rahama ne. A cikin kori kuwa, ƙafa ɗaya na hawa dutse sai ta ɗage 'yar'uwarta, na ciki ya sha jijjiga.

"To, ka cire mata birkin hankali, ta yaya za ta kai tashar jirgin ruwan Marseille?"

"Zan mayar, Malam, ban gaji da duniya ba. Gwaji ne. Sai inda kwalta ta ƙare zan sake cirewa."

Ya hau wani tubalin siminti da motar a hankali. Ƙafa ɗaya ta yi sama, sauran ukun suna dafe da ƙasa, gangar motar ko gezau, sai ka ce raƙumi na taka tudu. Na tsaya ina kallo, ga dogayen benaye kewaye da mu, amma ni korinmu nake gani.

Bayan damina, ina fitowa daga sallar la'asar, salula ta yi ƙara. Ƙanen nan nawa ne, daga Tahoua.

"Malam, ga wata fasinja, ta ce direban ya cika surutu."

Sai na ji muryar tsohuwa, ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Na zauna a bakin titi. Ta tambayi ko ina cin abinci, ta ce har gyangyaɗi ta yi a hanya. Mun yi ta magana, rabinta addu'a.

Da ya karɓi salular ya ce, "Tabarma fa?"

Na ce, "An biya ta, har da matashi."