Taraktar da Kawu Arzika Ya Bar Mana

Duk wanda ya san Kawu Arzika a Ambursa ya san ba ya tayar da tarakta sai ya ɗanɗana man jikinta. Zai durƙusa a ƙarƙashinta, ya dangwali abin da ya ɗiga a ƙasa, ya kai harshe, ya lumshe ido kamar mai gwada gishirin miya. Sai ka ji ya ce, "Wanga na inji ne, ba komi." Ko kuma, "Kai! Wanga na ɗaga garma ne, Tsohuwa ta koma fitsarin kwance." Tsohuwa ita ce taraktar. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ce kuma take kafce fadamar da gidanmu yake ci daga shekara zuwa shekara.

Innata, ƙanwarsa, takan ce, "Yaya, man nan zai ɓata maka ciki."

"Cikin da ya jure tuwonki shekara talatin?"

Zoben robar da ke hana mai yoyo kuwa, Kawu bai taɓa sayensa ba. Sai ya hau babur har Birnin Kebbi, shagon Oga Chidi mai kayan gyara, ya ce a ba shi sabo ya gani. Ya auna shi da tsinken tsintsiya, ya karya tsinken daidai faɗinsa, ya soke a hula, ya miƙa wa mai shago kayansa.

"Haba Kawu! Shekara goma kana auna kayana!"

"Kuma ko sau guda ba ka ba ni wanda ba daidai ba, Chidi. Kai mutumin kirki ne."

Yana dawowa gida sai farautar silifas, don daga jikinsu yake yanka nasa zoben. Wata rana surukinsa ya zo gaisuwa daga Argungu, ya tuɓe takalmi a bakin zaure. Da ya fito, ya tarar da rami zagayayye a dunduniyar ɗaya.

"Baba, mi ya samu takalmina?"

"Shina wurin aiki. In anka yi girbi ka zo ka amshi buhunshi."

Bawan Allah haka ya hau mota, ɗan dugadugansa yana leƙen ƙasa.

Babban abin shi ne shekarar da haƙoran giyar Tsohuwa suka kakkarye. Kawu ya sauke akwatin giyar gaba ɗaya, ya baje shi a kan tabarma mako biyu, ya haɗa da ƙarafan wata matacciyar tarakta da ya tono a Argungu. Ranar gwaji unguwa ta taru. Ya hau, ya gyara hula, ya saka giya ta biyu. Tsohuwa ta zabura da baya, ta shige rumfar albasar maƙwabcinmu Malam Ladan! Albasa har bakin masallaci.

Malam Ladan ya ɗora hannu a ka. "Arzika, ka haɗa ta bai-bai!"

"Ba bai-bai ba ne. Ta sake hali ne, kuma na gane shi."

Bai sake buɗe ta ba. Ya dai haddace sabon halin: inda baya take, inda sai an ɗan daki sandar giya da tafin hannu, giyar da ba a shiga sai an bi ta wata. Shi kaɗai ya sani.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma abin ya dame ni. Da na zo hutu daga makaranta bara, na sayi sabon littafi, na ja layuka, na same shi a gindin taraktar.

"Kawu, ka faɗa mini yadda take, in rubuta."

Ya dube ni, ya dubi littafin. "Malama, in kin rubuta kowa ya iya. To ni mi za ni yi?"

Kunya ta kama ni. Sai ya sassauta murya. "Bari sai bayan girbi, ɗiyata."

Na rufe littafin. Da ma na nace.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi watan jiya. Yanzu irin shinkafar rani da ya yafa da hannunsa ya isa dashe, har ya fara wucewa, fadama kuwa ba a kafce ba. Garma ta ƙi ɗagawa, man da aka zuba da safe kafin azahar yana ƙasa. Makanikai uku muka kawo. Na farko ya canza tiyo, yoyon ya koma wani wuri. Na biyu ya kusa rushe mana katanga. Na uku, dattijo daga Gwadangaji, ya buɗe akwatin giyar, ya leƙa, ya ciro guntun cokali da aka ɗaure da waya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi a hankali inda ya same shi.

"Hajiya," ya ce wa Inna, "wanda ya haɗa wagga shi kaɗai ka iya ta. Ku yi haƙuri."

Taraktocin haya duk an riga mu, sai bayan mako uku, irin kuma ba zai jira ba. Jiya Inna ta fito da fartanyoyi ta ba maƙeri ya wasa. Mu biyar ne a gidan. Na lissafa iyakar abin da za mu iya kafin irin ya tsufa, bai kai rabin gonar ba. Ban gaya mata ba. Gobe da safe za mu shiga, makaranta sai yadda hali ya yi.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya haskaka kabarinsa, ya hutar da shi. Shekara da shekaru yana ciyar da mu, ba mu taɓa sanin nauyin ƙasar nan ba. Allah ya ba hannuwanmu ƙarfi.