Gobarar Zomo a Tudun Kaya

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Rogo, nakan koma gida Tudun Kaya duk Juma'a. Maƙwabcin gonata mafarauci ne mai karnuka, kuma tun muna samari jininmu bai haɗu ba.

Wata rana a majalisa aka tambaye ni ko zomo dangin ɓera ne. Na ce a'a, masana sun ware masa nasa gidan, kuma ba sa lissafa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, don yana da yawan haihuwa. Na kwatanta shi da wani kifin teku mai faɗi kamar faifai, wutsiyarsa kamar bulala, jikinsa guringuntsi ne babu ƙashi. Shi haihuwarsa kaɗan ce, masunta sun kusa ƙarar da wasu irinsa. Maƙwabcina yana gefe yana sakace.

Bayan an cire gyaɗa, ya cinna wa ciyawar bakin rafi wuta don ya koro zomaye. Iska ta juya, wutar ta ci harawar da na tara wa tumakina, ta babbake mangwaron da mahaifina ya dasa.

Na same shi a ƙofar gidansa yana feɗe zomo. Ban yi sallama ba.

"Ka ga abin da wutarka ta yi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Malam, ai da bakinka ka ce zomo ba ya ƙarewa. Ka je teku ka tsare kifinka."

"Zancen harawata nake yi."

"Wannan kuma iska ce. Ita za ka tuhuma."

Na ce masa mugu ne, kuma ba yau ya fara ba. Ya miƙe da wuƙar a hannu, sai da mutane suka shiga tsakani. A gaban mai unguwa ya ba da haƙuri yana kallon bango, ni ma na karɓa a baki kawai. Ranin nan sai da na sayar da tumaki biyu don in ciyar da sauran.

Mangwaron bai sake toho ba, na sare shi. Har yau in muka haɗu a jana'iza, kowa gefensa yake tsayawa.