Hannun da Malam Inuwa Ya Miƙo Mini a Mashigar Rano

Da hantsin ranar Talata ina Kano ina wanke sarƙar kekena, Sani, babban ɗan Malam Inuwa, ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Yaya Sabi'u, Baba ya cika. Ana idar da azahar za a yi masa sutura a Zinyau." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da baƙin mai a hannuna na shiga motar Rano, don Zinyau a ƙasar Rano take, kuma duk tsawon hanya abu ɗaya nake faɗa wa kaina: na makara.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Inuwa mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Rano. Shi ya fara ɗora ni a kan keken tsere, shi ya koya wa samarinmu doguwar tafiya, daga Rano zuwa Kibiya mu dawo, har muka iya kai wa Kano mu juyo rana ba ta faɗi ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙullinsa. Yakan jiƙa dabino, ya daka shi da garin aya, ya sa zuma da gishiri da ɗan ruwan tsamiya, ya ƙulla a 'yan ledoji kamar ƙullin sukari. Da kansa yake dakan, a wani ƙaramin turmi, maƙwabta suna tsokanarsa wai ya ƙwace wa Inna Hajara, matarsa, taɓarya. Ko a jikinsa. Kowane ƙulli yana bar masa jela, yadda za ka ja da haƙori ya buɗe ba ka saki kan keke ba.

Akwai ranar da na fita ban karya ba, don taurin kai. Ya same ni a gindin wata ɗorawa a hanyar Kibiya, jikina yana rawa, ina ganin bibiyu. Bai yi mini faɗa ba sai da na shanye ƙulli biyu idona ya washe. Sannan ya ce, "Kai Sabi'u, ciki ne ke tuƙa keke, ƙafa aikenta kawai ake yi. Ka riƙa ci tun ba ka ji yunwa ba." Ya san wanda ya fi gumi a cikinmu, sai ya ƙara masa gishiri, ya ɗaure nasa da jan zare don kada a musanya. Nawa kullum da jan zare yake. Idan mun dawo, kafin ya tambayi wanda ya zo na ɗaya, sai ya tambaya, "Ƙafar wa ta riƙe?"

Da na koma Kano na shiga ƙungiyar masu keke, na tarar da wata duniya. Su jel suke sha, wani ruwa mai kauri da zaƙi a 'yar leda mai ƙyalli, da ake kawowa daga waje. Ba zan yi wa jel ƙarya ba, yana aiki. Amma ban ga abin da ya yi mini da ƙullin Malam bai yi ba, sai dai shi jel ba a yi masa dariya. Ranar da suka ga na zaro ƙulli daga aljihun riga, wani ya ce, "A'a, Sabi'u, maganin basir ne ka zo mana da shi?" Kowa ya fashe. Ni ma na yi dariyar, har na fi su. Daga ranar sunan ya bi ƙullin, ni kuma na daina fito da shi.

Bara bayan damina ƙungiyarmu ta shirya hawa daga Kano zuwa Kibiya. Ni da bakina na gaya wa Malam za mu ratsa Rano. Dattijon nan ya yi daka, ya rufe rumfarsa, ya zo mashigar gari da faranti cike da ƙulli, har da na mutanen da bai taɓa gani ba. Daga nesa na hango shi, ya miƙo hannu daidai tsayin kan keke kamar yadda ya saba, mai jan zaren a tsakanin yatsunsa. Motar da ke rakiyarmu tana gefe, ana ɗaukar mu a waya. Na bayana ya ce, "Ga mai maganinka can." Muka haɗa ido da Malam. Na sunkuyar da kai, na danna feda, na wuce. Mu kusan ashirin, ba wanda ya karɓa.

Tun daga ranar ban sake taka rumfarsa ba. In ce sai bayan azumi, in ce sai bayan salla. Kunya ce ta hana ni, kuma kunyar banza ce, irin wadda ba ta hana aikata abu sai dai ta hana ba da haƙuri.

A wurin jana'iza liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Na ji kamar in yi ihu. Me ya yi mana da za mu yafe? Kafin yamma 'yan ƙungiyarmu sun cika waya da hotonsa, suna kiran sa uban masu keke. Wanda ya laƙaba wa ƙullin suna ma har gaisuwa ya zo, ya ja Sani gefe yana tambayar yadda ake haɗin, wai yanzu an gano na gida ya fi lafiya. Na so in ci mutuncinsa, amma da wane baki? Shi baƙo ne, ba shi aka tsinta a gindin ɗorawa ba.

Ranar uku na shiga wurin Inna Hajara. Ta ce, "Sabi'u, ka yi wuyar gani. Ran nan da ya dawo da farantinsa a cike, cewa ya yi gudu kake, ba ka gan shi ba."

Na ce, "Inna, wallahi na gan shi."

Ta ce, "Ai ya sani. Don kada yaran gidan nan su zage ka ya faɗi haka."

Na tambaye ta ko ya taɓa cewa ya yafe mini. Ta ce, "Ban tambaye shi ba, ɗan nan, shi ma bai ce ba. Ba zan yi maka ƙarya a kan mamaci ba."

Allah Ya jiƙan Malam Inuwa, Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi ranar da ƙishirwa za ta yi tsanani, kamar yadda ya ciyar da 'ya'yan mutane a bakin hanya. Allah Ya ba Inna Hajara da Sani da ƙannensa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuwa, ya Allah, Ka sa ya zamana ya yafe mini tun yana raye bai faɗa wa kowa ba. Idan kuma bai yafe ba, Ka sanyaya zuciyarsa a kaina ranar da za mu sake haɗa ido. Amin.